A Hana Gwani Shiga Fili Don Ya Iya Da Yawa?

Yau ba siyasa na zo da ita ba, maganar wasa ce, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don a ganina ta wuce wasa.

Duk inda ake gasa, ko dambe ko kokawa ko sukuwa, akwai ranar da za a samu wani wanda ya gagara. Ya iya harɗe, ya iya ɗauka, ya iya kaucewa, ga numfashi. Daga nan sai a fara ƙus-ƙus: wane ya kashe wasan, tun kafin a buga ganga an san mai ci, gara a ce ya huta ko na baya su samu. Ni ban yarda da wannan ba. Amma masu faɗin haka ba mahaukata ba ne, akwai inda suke da gaskiya, kuma zan faɗe shi.

Bari in fara da wasan da yaranmu ke yi a waya, don su sun daɗe suna wannan gardama. Pokémon wasa ne da ya fito daga Japan a 1996. Akwai halittu sama da 1000 a ciki, kowa ya zaɓi shida ya haɗa rundunarsa, a gwabza. Wata ƙungiyar masu wasan, Smogon, ita ke tsara dokokin da da yawansu ke bi. In wata halitta ta addabi mutane, sai a sa ta a sikeli, waɗanda suka nuna ƙwarewa su jefa ƙuri'a. In aka ce ta fi ƙarfin ajin, sai a ɗaga ta zuwa ajin manya. A 2014 ma wata da ake kira Mega Rayquaza ta fi ƙarfin ajin manyan kansa, sai da aka buɗe mata wani aji daban.

To ga abin lura. Akwai wata halitta, Landorus, wadda wata siffa tata ta yi shekaru tana cikin waɗanda aka fi ɗauka. Tana kai hari, tana tsaro, tana share wa 'yan uwanta hanya. An yi ta kukan an gaji da ganinta, amma ba a kore ta ba. Mi ya sa? Don tana da magani. Wanda ya shirya mata zai kayar da ita. Ashe tambayar da suke yi ita ce: abin nan yana da magani, ko kuwa duk dabararka a banza? Yawan iyawa kaɗai bai isa hujjar kora ba.

Wannan ma'aunin nake so mu ɗauko mu auna namu wasannin da shi.

Mu leƙa maƙwabta. Tun 1975 Nijar ke gasar takobin kokawa, an fara a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki na farko. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin nan har sau shida, na shidan a Agadas, ƙarshen 2023. Duk mai bin kokawa ya san yadda aka gaji da jin suna ɗaya. Da an bi ta masu cewa ya huta, da an cuci mutum biyu: shi, da wanda zai gaje shi. Sai ga shi a ƙarshen 2024, a Dosso, garinsu, takobin ya koma hannun Abba Ibrahim na Yamai. Wannan takobin yana da nauyi, domin an ɗauke shi sarki yana cikin fili. Da an ce Issaka ya zauna gida, har abada za a riƙa cewa ai don ba ya nan ne.

Turawa sun taɓa yin wannan kuskuren. A 1930 masu shirya babban tseren keke na Italiya sun biya Alfredo Binda kuɗi daidai da na wanda zai zo na ɗaya, don kawai kada ya shiga. Yau in ana ba da labarin tseren shekarar, sunan wanda bai hau keke ba ake fara kira.

Mu dawo gida. Mu mutanen Rabah ba a ba mu labarin dambe, Ɗan Anace ɗan ƙasar Gandi ne. Me ya sa sunan Shago bai mutu ba? Don an bar shi a fili, duk mai jin kansa ya sa masa zare. Kuma ba a kiran Shago a manta da Ɗandunawa. Gagararre shi ke ƙera abokin karonsa. Yaron da ya taso ya ga akwai wanda ba a kashewa, shi ne zai tashi da asuba ya yi gudu, ya koyi kare fuska, ya nemi lagon bahago. Ka cire gagararren, ka cire masa dalilin wahala.

Yanzu ga inda masu ƙorafi suke da gaskiya.

Na farko, nauyi. Yaro mai kilo 65 a haɗa shi da ƙato mai kilo 100 a ce gasa ce, wannan ba jarumta ba ce, neman karaya ne. Gasar kokawa ta ECOWAS tana raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi, kuma masu shirya damben zamani sun fara bin wannan hanya. A sukuwa mun daɗe da sanin haka: dokin Arewa da nasa aji, Talon da nasa, dokin Sudan da nasa, na ƙasar waje da nasa. Ba wanda ya ce an wulaƙanta dokin Sudan don an hana shi tsere da na Arewa. An kai shi inda zai sha gumi ne. Kun ga daidai abin da yaran Pokémon suke yi ke nan: ba su goge halittar daga wasa, sai dai su ɗaga ta zuwa ajin da za ta gamu da daidai ita.

Na biyu, kayan aiki. Abin da ya kamata doka ta hana shi ne abin da ba horo ya kawo shi ba: cusa wani abu mai kaifi ko mai nauyi cikin ɗaurin hannu, ƙarfe a ƙafa, da ƙwayoyi irin su tramadol da ke sa yaro ya daina jin duka har ya illata. Wannan ba shi da magani a fili, duk iyawarka. A duniyar ninƙaya ma, da wata irin riga ta sa ana ta karya tarihi, a 2010 rigar aka hana, ba masu ninƙayar ba.

Na uku, kuɗi. A nan wasan waya ya sha bamban da namu. Halittar Pokémon kowa na iya ɗaukarta, shi ya sa in ta yi ƙarfi da yawa sai ka ga rundunar kowa ta zama iri ɗaya. Ɗan dambe kuwa mutum ɗaya ne, ba a kwafarsa. Haɗarinmu shi ne mai kuɗi ɗaya ya kwashe duk manyan 'yan wasa ya tara a ɓangarensa. Kudu, Arewa, Jamus, Guramaɗa, daɗin damben shi ne kowane ɓangare yana da wanda yake tinƙaho da shi. In za a yi doka, a yi ta kan wannan.

Dalilin da ya sa na damu da maganar nan shi ne halin da muke ciki. Kowa ya san yadda rashin tsaro ya taɓa gabashin Sakkwato. A garuruwa da yawa na Rabah, Wurno da Goronyo, wasannin kaka da ake yi bayan an kai amfani gida sun ja baya, taron dare ya zama abin tsoro. Ɗan abin da ya rage mana, in muka lalata shi da son rai, mai shiri ya cire wane don yaron unguwarsu ya ci, to ko lafiya ta dawo ba za mu samu 'yan kallo ba.

Kuma ku da muke aikin gwamnati tare kun san wannan ciwon ba a filin dambe ya tsaya ba. Ma'aikacin da ya iya rubutu, ya iya lissafi, ya iya kwamfuta, ya iya magana da jama'a, sau nawa muka ga an tura shi inda ba a jin ɗuriyarsa, wai yana shige wa mutane gaba? Fayil ya kwana a tebur wata uku, mu ce Najeriya ce. Hali ɗaya ne: maimakon mu ɗaga kanmu, sai mu sauke wanda ya fi mu.

Shawarata ga masu shirya wasanni a ƙananan hukumominmu da sarakunan dambe: ku nemo sikeli ku raba aji. A duba hannu kafin a ɗaure da bayan an ɗaure. A ware wa sababbin yara nasu turmin da tasu kyautar. A faɗi doka tun kafin a san wa zai zo, kada a ƙirƙiro ta bayan an ga fuskar baƙo. In an yi waɗannan, duk wanda ya ci gaba da kashe mutane a bar shi ya kashe, gaba da gabanta.

Wanda ke ganin ba haka ba, bismillah, fili naku ne, amma a yi cikin mutunci. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, Ya sa mu ga ganga ta sake tashi a Gandi. Amin.