Sashen shimi na Jami'ar Yamai: wa ke auna masu awo?

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, a Maraɗi yake ko a Damagaram, ba ya rufe shekara sai ya zauna da littafinsa ya ga abin da ya zuba, da abin da ya fita, da abin da ya saura a mangaza. Haka nan ma'aikacin baitulmali ba ya yarda da kuɗin da aka kashe babu takardar shaida, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka kashe su. Wannan ƙa'ida da kowa ya amince da ita a kasuwa da biro, ita ce ake sassautawa da zarar an haye Gadar Kennedy an isa Harobanda. Fiye da shekara 50 ke nan ƙasa tana ɗauke da nauyin jami'a, amma ba safai ake jin an tsaya a bainar jama'a an tambayi wani sashe nata abin da aka ɗora masa da abin da ya cika ba. Sashen da ya fi dacewa a fara da shi shi ne na shimi, wato ilimin sinadarai, domin sana'arsa ita ce awo, kuma bai kamata mai awo ya ƙi hawa sikeli ba.

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, shekarar da kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyom a Arlit. Cibiyar ta zama jami'a a 1973, a 1992 kuma aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin fizik da ya ƙarar da rayuwarsa a kan binciken makamashin hasken rana, wanda ya rasu a 1991. Tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya a kan cewa makaranta ta zama mai biyan buƙatun ƙasar da ta gina ta. Jami'ar da ke ɗauke da sunan irin wannan mutum ba ta da hujjar jin haushi idan an tambaye ta wace buƙata ta biya.

Kafin a auna sakamako, sai an san manufa, kuma manufofin sashen shimi a ƙasa irin Nijar ba su da wuyar lissafawa. Ta farko ita ce samar da malaman da za su koyar da fizik da shimi a kwalejoji da lise, aikin da yake tarayya a kansa da babbar makarantar horar da malamai ta ENS. Ta biyu ita ce samar da masu awo: waɗanda za su duba ruwan sha, da magani, da abinci, da takin zamani, su faɗi abin da ke ciki. Ta uku ita ce ba masana'antun ƙasa ƙwararru. Ta huɗu ita ce bincike a kan albarkatun gida, kamar fosfat na Tawa, da kanwa, da gishirin Bilma da na Foga, da itatuwan magani. Kowace ɗaya daga cikin huɗun nan tana da abin da za a iya ƙidayawa a ƙarshen shekara.

Wanda yake ganin maganar ta malaman jami'a ce kawai, ya tuna da Tibirin Gobir. A 1985 aka fara shayar da garin daga wata rijiyar burtsatse wadda sinadarin fuliyo da ke cikin ruwanta ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 1.5 a cikin lita. An sha ruwan fiye da shekara goma. Haƙoran yara suka lalace, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Auna fuliyo a cikin ruwa ba aikin bokanci ba ne. Ɗalibin da aka horar da kyau zai yi shi a wuni guda idan yana da na'urar da sinadaran awo. A 1995 kuma, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafin jabu wadda babu magani a cikinta. Bayan shekara 20, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan alluran sanƙarau na jabu da aka gano a Nijar. Hukumar awo ta LANSPEX da ke Yamai ita ke da alhakin duba magunguna da abinci da ruwa, amma hukuma ba ta fi mutanen da ke cikinta ba, kuma mutanen daga aji suke fitowa.

Ta fannin masana'antu ma haka ne. Dutsen Arlit ba ya zama kuɗi sai an niƙa shi, an jiƙa shi da asid, an tace, an fitar da ƴan kilo kaɗan na uraniyom daga kowane tan. Wannan duka aikin shimi ne. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a yankin Damagaram a 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, aikin shimi take yi. Simintin Malbaza ma haka. Lokacin da aka rufe mahaƙar COMINAK a watan Maris na 2021, an bar tarin tarkacen da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, wanda dole a riƙa auna ruwa da ƙasar da ke kewaye da shi shekara da shekaru. A 2024 ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, a watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakin ƙasa. Ana iya karɓe kamfani da doka a rana ɗaya. Wanda zai tsaya a ɗakin awonsa ya tabbatar wa mai saye nawa ne uraniyom ɗin da ke cikin kowace ganga, shi kam sai an yi shekaru ana rainonsa. Ƙasar da ba ta iya auna hajarta da kanta, farashin da mai saye ya yanka shi za ta karɓa.

To, da me ake auna sashen a yau? Ma'auni biyu aka fi sani. Na farko shi ne yawan takardun shaida da aka raba. Tun bayan umurnin UEMOA na 2007, jami'o'in yankin sun koma tsarin LMD: lisans a shekara uku da kiredi 180, masta a shekara biyu, doktora a shekara uku. Tsarin yana da amfani, amma takarda ba ta faɗin sau nawa mai ita ya riƙe kwalbar awo da hannunsa. Ana iya haddace yadda ake gwada ƙarfin asid a ci jarrabawa da maki mai kyau, ranar da aka miƙo ruwan rijiya kuma hannu ya yi ta rawa. Ma'auni na biyu shi ne na CAMES, hukumar da aka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke duba rubuce-rubucen malami kafin a ɗaga darajarsa. Wannan awo ne mai tsauri, kuma malaman Nijar suna haye shi da guminsu. Sai dai malami ɗaya ɗaya yake aunawa. Ba ya faɗin ko binciken da aka yi kan fosfat na Tawa ya kai ga buhun taki a gonar manomi, ko kuwa ya tsaya a kan kanta ƙura tana rufe shi.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa amsawa kowace shekara ba su da yawa. Ɗalibai nawa suka shiga shekarar farko, nawa ne daga cikinsu suka kammala lisans a shekara uku, nawa a biyar, nawa suka watse a hanya? Mata nawa ne a ciki? Awa nawa ta aikin hannu aka rubuta a manhaja, awa nawa aka yi da gaske, kuma ɗalibi nawa ne a kan teburi ɗaya? Na'urori nawa ne a ɗakunan awo, nawa ke aiki, nawa suka tsaya, tun yaushe? Shekara biyu bayan fita, ina ɗaliban suke: a aji suna koyarwa, a masana'anta, a ƙasar waje, ko a majalisar shayi? Awo nawa sashen ya yi wa hukumomi da ƴan kasuwa, nawa ya shigo, ina kuɗin suka tafi? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ke buƙatar a ɗauko ƙwararre daga Faransa. Rajista ce, da gaskiya, da mutum ɗaya da aka ɗora wa aikin.

Malamai za su ce ba a tambayar wanda aka ɗaure wa hannu me ya noma. Suna da gaskiya babba. Shimi ilimi ne mai tsada: kusan duk sinadaran awo da kwalabe da na'urori daga waje ake sayo su. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin irin wannan kaya ya ninka a dare ɗaya, a daidai shekarun da albashi ke makara, bursu ke taruwa, ake soke shekarun karatu. Na'urar miliyoyin sefa tana iya tsayawa saboda ɗan ƙarfe guda da ba a ware masa kuɗi ba, ko saboda wutar da ta ɗauke ana tsakiyar awo. Yawan ɗalibai kuma ya fi ƙarfin ɗakunan da aka gina domin ƴan kaɗan. Buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, da na Agadas da Diffa da Dosso da Tilaberi a 2014, ya kusantar da karatu ga iyalai, amma ya raba malamai da kayan aiki ƙalilan gida gida.

Wannan duka hujja ce ta yin awon. Sashen da ke da alƙaluma a hannu shi ke iya tsayawa gaban ministan kuɗi ya ce: ga abin da aka alkawarta, ga abin da aka bayar, ga awannin aikin hannu da aka rasa saboda giɓin. Kuka babu lissafi, kowace ma'aikata tana yin sa, kuma kunnuwan masu mulki sun saba da shi. Saboda haka sikelin ya zama mai faranti biyu: a ɗaya a ɗora abin da sashen ya cika, a ɗayan a ɗora abin da gwamnati ta cika. Idan an auna ɗaya an bar ɗaya, an yi zalunci.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba a kauce masa. Awo yana iya zama sandar dukan malamin da ba ya ga maciji da hukuma, ko wanda ya yi fice a ƙungiyar SNECS. Jami'ar da ta binne ɗalibanta uku bayan harbin 9 ga Fabrairu na 1990 ta san kuɗin ƴancinta, kuma ba za ta amince da duk abin da ya yi kama da leƙen asiri ba. Haka nan idan an ce yawan masu cin jarrabawa kaɗai za a duba, sai a sassauta jarrabawar, a raba takardu kamar goron suna. Maganin abin biyu ne: masu awon su haɗa da malaman shimi daga wasu jami'o'i, irin na Wagadugu ko Dakar ko Zariya, waɗanda ba su da abin samu ko rasawa a Yamai, sa'annan a buga sakamakon kowa ya gani.

Abin da ya rage shi ne aiki. Sashen ya rubuta manufofinsa a shafi biyu da ɗan kasuwa zai iya karantawa. Jami'a da ma'aikatar ilimi mai zurfi su sa hannu kan yarjejeniyar shekara huɗu ko biyar, kowa da abin da ya ɗauka. A fitar da rahoto kowace shekara, da Faransanci da Hausa, tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Kamfanonin ma'adinai da na mai su buɗe ƙofa ga ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, su kuma faɗi a rubuce abin da suka tarar ɗaliban sun iya da abin da ba su iya ba. Sassan kimiyya na jami'o'in jihohi su bi sahu da ma'auni iri ɗaya, domin a iya kwatantawa.

Ƴan kasuwa ma suna da kaso. Wanda ya sayi tirelar taki da aka rubuta wa 15-15-15 a buhu bai san abin da ke ciki ba sai damina ta tona asiri. Mai son kai gyaɗa Turai yana fuskantar iyakar mikirogiram 4 na gubar aflatoksin a kilo, gubar da ido ba ya gani. Mai sayen fatar jar akuyar Maraɗi, da mai ajiyar wake, da mai shigo da magani, duk suna buƙatar ɗakin awo na kusa wanda takardarsa ke da daraja. Ƙungiyar ƴan kasuwa tana iya ɗaukar nauyin na'ura guda a Maraɗi ko Damagaram, bisa sharaɗin a riƙa ba ta rahoton aikin da aka yi da ita. Kuɗin bai kai asarar tirela ɗaya ta jabun taki ba.

Iyayen da ke sayar da hatsi da dabba su tura ɗa ko ɗiya Yamai suna da haƙƙin sanin mutum nawa ne ke fita da takarda cikin kowane ɗari da suka shiga, da abin da takardar ke sayowa. Malaman da ke aiki tuƙuru a ɗakuna marasa kaya suna da haƙƙin a san su da alƙaluma, kada a yi musu kuɗin goro da masu barci. Yaran Tibiri kuwa sun girma da ƙafafun da ba za su miƙe ba, saboda awon da bai fi aikin wuni guda ba. Hukumomin jami'a da ma'aikatar da ke kula da su ne ke da ikon fitar da rahoton farko kafin ƙarshen shekarar karatu, kuma babu abin da ya hana su sai niyya.