Hukuncin Agogon Hannu a Zaman Liyafar Dare

Daga cikin mas'alolin da ma'abota ladubban tufafi na Ingila da sauran ƙasashen Turai suka daɗe suna saɓani a kansu, har yau kuwa ba su kai ga ijma'i ba, akwai wata wadda mai jin ta da farko zai ɗauka raha ce: shin ya kamata namijin da aka gayyata babbar liyafar dare, ya kuma sa tufafin da aka keɓe domin irin wannan zama, ya ɗaura agogo a hannunsa? Mazan jiya sun ce sam bai kamata ba, mutanen yau galibinsu sun ce babu laifi, wasu kuma sun tsaya tsakiya suna gindaya sharuɗɗa. Tun da yake jakadunmu da malaman jami'a da 'yan kasuwa da ɗalibai kan karɓi irin wannan takardar gayyata a Landan ko Faris ko Washintan, ya dace mu san asalin maganar da hikimar da ke ƙarƙashinta, domin wanda ya haddace hukunci bai san dalilinsa ba, ranar da hali ya sake sai ya rasa tudun dafawa.

Tufafin da ake magana a kansu daraja biyu ne. Mafi girma su ne waɗanda ake kira da sunan farin ɗaurin wuya: baƙar kwat mai dogon bindi a baya, da farar falmaran, da farar shat wadda aka sandarar da ƙirjinta da bakin hannunta da sitaci, da ɗan farin ƙyallen da ake ƙullewa a maƙogwaro. Su ake sawa a walimar da Sarkin Ingila kan yi wa shugabannin ƙasashe a fadar Buckingham, da walimar kyautar Nobel wadda ake yi a birnin Stockholm kowace shekara ran 10 ga Disamba, da babbar rawar gidan Opera na Vienna. Na biyu, masu baƙin ɗaurin wuya, sun fi sauƙi, asalinsu kuwa gajeriyar kwat ce wadda telolin Henry Poole na layin Savile Row suka ɗinka wa Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, a 1865, don ya riƙa cin abincin dare da ita a gidansa na Sandringham. Daga nan ta ƙetara Amurka wajen 1886, ta shahara a wata unguwar attajirai mai suna Tuxedo Park. Dukansu biyu a kan ƙa'ida guda aka gina su, wadda Beau Brummell ya kafa wa mazan Landan tun farkon ƙarni na 19, watau cewa adon namiji yana cikin tsabta da kyawun ɗinki da ƙanƙan da kai, kuma duk abin da zai sa a juyo a dube shi, to, ya wuce haddi.

A zamanin da waɗannan tufafi suka kafu, agogon namiji a aljihun falmaran yake zama, ɗaure da sarƙar da aka laƙaba wa sunan Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya. Agogon da ake ɗaurawa a hannu kuwa kayan ƙawar mata ne, ɗan'uwan awarwaro: maƙerin agogo Breguet ya ƙera wa Caroline Murat, Sarauniyar Naples, irinsa bisa odar da ta bayar a 1810, kamfanin Patek Philippe kuma ya yi wa wata basarakiya ta ƙasar Hangari a 1868. Lalura ce ta ɗora shi a hannun maza. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan Birazil mai gwajin jirgin sama a Faris, agogon da zai duba ba tare da ya saki linzamin jirgi ba. Sa'an nan Yaƙin Duniya na Farko ya zo, daga 1914 zuwa 1918, inda hafsan da ke cikin rami yake bukatar sanin daƙiƙar da igwogin rundunarsa za su ɗaga wuta gaba, domin ya fito da mutanensa a bayanta, ga shi kuwa hannu ɗaya riƙe da bindiga, ɗaya da usur, babu na laluben aljihu. Da aka dawo daga fagen fama sai tsofaffin sojoji suka ƙi kwance agogonsu, kafin a ci rabin shekarun 1930 kuwa agogon hannu ya rinjayi na aljihu a kasuwa.

To, malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta tabbata ya tabbata, in ta gushe ya gushe, kuma babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mas'alar tamu. Idan aka bincika hanin da dattawan Ingila suka yi, za a tarar illa biyu ce ta haife shi. Ta farko ita ce agogon hannu na wancan lokaci kayan aiki ne, na soja da matuƙi da ma'aikacin rana, mai kauri, wani lokaci har da ragar ƙarfe a fuskarsa don kada gilashi ya fashe, alhali kuwa liyafar dare an shirya ta ne domin a ajiye alamun aiki a bakin ƙofa. Ta biyu, wadda ta fi zurfi, ita ce baƙon da ya dubi agogo a gaban mai masaukinsa ya faɗa masa, ba tare da ya buɗe baki ba, cewa akwai wani wuri da ya fi son zama a cikinsa, ko wani sha'ani da ya fi hirarsa muhimmanci.

Illa ta farko ta daɗe da gushewa, maƙeran agogo da kansu suka kawar da ita. Cartier ya zana agogon Tank a 1917, siriri mai kusurwa huɗu, wanda duk da cewa daga tankar yaƙi aka ɗauko siffarsa, ya zama abin misali wajen ladabi. Patek Philippe ya fito da Calatrava a 1932, zagayayye marar hayaniya. Piaget kuma a 1957 ya ƙera inji wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ma, ranar da aka naɗa mata kambi a 1953, tana ɗaure da wani ɗan mitsitsin agogon Jaeger-LeCoultre wanda mai kallo zai zaci munduwa ce, babu kuwa taron da ya fi wannan tsananin ƙa'ida. Saboda haka wanda ya ce har yanzu agogon hannu a zatinsa abin ƙi ne a wurin liyafa, ya riƙe ɓawo ne bayan an cinye ƙwaya.

Illa ta biyu kuwa tana nan daram, sai dai idan aka lura da kyau za a ga a kan ido ta rataya, agogo shaida ne kawai. Mutanen Amurka ba su manta da daren 15 ga Oktoba 1992 ba, a garin Richmond, lokacin muƙabalar 'yan takarar shugaban ƙasa tsakanin George Bush babba da Bill Clinton da Ross Perot, sa'ad da kyamara ta kama Bush yana duban agogonsa a daidai lokacin da wata baiwar Allah ta tashi za ta yi tambaya a kan ƙuncin tattalin arziki. Babu wanda ya damu da irin agogon ko kuɗinsa. Kallon da bai kai ƙiftawa da bismilla ba shi aka riƙe, aka fassara shi da ƙosawa da talakawa. Abin da ya faru ga shugaban ƙasa a gaban miliyoyin mutane, shi ne ke faruwa ga kowane baƙo a gaban mutum takwas na teburinsa.

Ra'ayina dai shi ne, tare da baƙin ɗaurin wuya agogo halal ne, muddin ya san matsayinsa. Ya kasance siriri, mai farar fuska ko baƙa wadda ba a cika ta da lambobi da ƙananan da'irori ba, maɗaurinsa baƙar fata mai laushi, ƙarfensa kuma ya yi launi ɗaya da maɓallan hannun shat. Gwajinsa mai sauƙi ne: mutum ya tsaya gaban madubi, ya sauke hannunsa, ya ga bakin shat ya leƙo daga hannun kwat kamar faɗin ɗan yatsa, agogo kuwa ya shige ƙarƙashinsa ya ɓuya, sa'an nan ya miƙa hannu kamar zai ɗauki kofi, ya mayar, idan bakin shat ya zame ya koma bisa agogon bai sarƙe ba, to, ya ci jarrabawa, idan kuwa ya tattare ya tsaya a bayansa kamar an tokare shi, sai a kwance a bar shi a gida. Musulmi yana da ƙarin abin kiyayewa, domin jamhurin malamai sun haramta wa maza ado da zinariya, alhali yawancin agogunan liyafa na gargajiya da ita ake yin su. Ƙarfe marar tsatsa ya wadatar, kuma a kan baƙi da fari ya ma fi kwanciya a ido. Tare da farin ɗaurin wuya kuwa ina tare da dattawa: barinsa ya fi, domin bakin shat mai sitaci ba ya lanƙwasa ya ba agogo wuri, kuma duk wanda ya amsa irin wannan gayyata ya riga ya sallama darensa gaba ɗaya.

Za a kawo mini hujja da James Bond, wanda a fim ɗin Goldfinger na 1964 aka nuna Sean Connery, mai fitowa a matsayinsa, ya tuɓe kayan ninƙaya, sai ga farar kwat ta liyafa a ƙarƙashi, ga kuma Rolex Submariner a hannunsa, agogon da aka fito da shi a 1953 domin masu nutso cikin teku. Tun daga ranar samari da yawa suka ɗauki wannan a matsayin fatawa. Amma kiyasin bai inganta ba, domin Bond ɗan leƙen asiri ne da ya dasa nakiya yana ƙidayar mintocin tashinta, ya shiga cikin baƙi alhali yana bakin aiki, agogonsa kuwa shi ne ke tona wa mai kallo wannan asiri. Wanda ya kwaikwaye shi a walimar aure ko ta jakadanci, babu teku a gabansa babu nakiya a bayansa, abin da ya rage masa kawai shi ne son a ga tsadar abin da ya ɗaura. Wannan kuwa sunansa fariya, kuma tufafin liyafa tun asali an daidaita su baƙi da fari ne domin mai dukiya da mai ilmi da mai sarauta su zauna sahu guda, a bambanta su da zancensu.

Akwai masu uzuri na gaskiya, ba a kuwa musun wannan. Likitan da ake iya nema kowane lokaci yana da lalura, haka nan Musulmin da ya halarci liyafa a Landan cikin watan Yuni, inda rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, Magariba za ta riske shi yana tsakiyar cin abinci. Irin waɗannan su ɗaura agogonsu, su san lokacin tun daga gida, su shaida wa mai masauki tun da wuri cewa za su ɗan fita, in lokaci ya gabato su nemi izni su tashi. Uzurin da aka bayyana a fili yana ƙara wa mutum kwarjini, satar kallo a ƙarƙashin tebur kuwa tana rage shi. Wanda kuma ya zaɓi ya tafi da babbar riga, kamar yadda masu walimar Nobel da fadoji da dama suka yarda a sa tufafin ƙasa a madadin kwat, ya sani cewa duk sa'ad da ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, tsintsiyar hannunsa a buɗe take, don haka sharaɗin sauƙin agogo ya fi ƙarfi a kansa.

Fitinar wannan zamani ma ta wuce agogon allura. Tun da Apple Watch ya shigo kasuwa a 2015, aka sami agogon da ke haskakawa da kansa, yana girgiza hannu duk sa'ad da saƙo ya shigo, yana kiran ido ko mai shi bai yi niyya ba; wannan babu wurinsa a liyafa sai an kashe shi, in kuwa an kashe shi babu amfanin ɗaura shi. Mafi muni shi ne mutumin da ya bar agogo a gida don bin sunnar dattawa, sa'an nan ya ajiye wayarsa kusa da faranti yana latsa ta bayan kowace loma. Wannan hila ce irin wadda malamai suka ƙi, an kiyaye lafazin hukunci an tozarta manufarsa.

Daga ƙarshe, adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan ladabi alkawari ne mai ɓangare biyu. Turawan da suka hana baƙo duban agogo su ne kuma suke rubuta a ƙasan takardar gayyata sa'ar da karusai za su zo ɗaukar mutane, al'adar da har yau ba ta mutu ba a Ingila, ma'ana mai gida ya ɗauki nauyin tsare lokaci domin baƙo ya huta da tsare shi. Mai liyafar da ya rubuta ƙarfe 8 ya fara ƙarfe 10, ya kuma sakar wa masu jawabi linzami har tsakar dare, ya warware nasa ɓangaren alkawarin, ba shi da bakin zargin wanda ya dubi hannunsa. Saboda haka duk mai son baƙinsa su manta da agogo, sai ya fara da kiyaye nasa: ya buɗe taro a kan kari, ya iyakance wa kowane mai jawabi mintocinsa, ya sallami jama'a a sa'ar da ya ambata.