Almarar Faransa ta samu zinariya, ta Gobir tana bakin gara

Wata amsa ta zama ruwan dare a bakin wasu ƴan boko na Maraɗi, har ta bi su cikin aji. Da zarar ɗan lakwal ya tambayi labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, ko zancen tasowar Gobirawa daga Gabas, sai a ce masa tatsuniya ce, aikin tsofaffi da maroƙa, babu abin karantawa a ciki. Amma mai wannan amsa, in ya zo darasin adabin Faransanci, da ladabi yake ambaton tsofaffin littattafan Faransa masu ado da zinariya. To, ya kamata a buɗe littattafan nan a ga abin da suka ƙunsa.

Wajen shekarar 1165 wani malamin coci, Benoît de Sainte-Maure, ya tsara waƙar yaƙin birnin Taroya, Roman de Troie, mai layi kusan dubu 30. Labarin Girkawa ne, amma ba daga Homer ya ɗauko shi ba. Ya dogara da wasu gajerun littattafan Latin guda biyu, ya ƙara soyayya da fadanci irin na zamaninsa. Masu zane suka bi sahunsa. A kan fatar tumaki da ta maruƙa, da ganyen zinariya da shuɗin dutsen da ake kawowa daga Afganistan, suka zana jaruman Taroya cikin sulke da kwalkwali na barade Faransawa. Haka aka yi wa Iskandar a Roman d'Alexandre: wani kwafi da aka gama zayyanarsa a 1344 yana ajiye a laburaren Bodleian na Okusfod. Wajen 1400 kuma Christine de Pizan ta mai da almarun Girka darussan tarbiyya ga samarin fada.

Abin bai tsaya ga nishaɗi ba. Tun ƙarni na 7 marubutan tarihi suka riya cewa Faransawa jikokin mutanen Taroya ne da suka tsere bayan an ƙone birninsu, kuma da wannan zance babban kundin sarauta, Grandes Chroniques de France, ya fara. Sarakuna sun so asali mai nisa da daraja, magatakarda suka ba su. Daga baya masana suka gane ba haka abin yake ba. Duk da haka ba wanda ya cinna wa littattafan wuta. An adana su a laburaren ƙasa na Paris, an ɗauki hotunansu, yau da yawansu suna intanet a shafin Gallica, ana neman digiri a kansu. Abin da ake nema a ciki shi ne halin waɗanda suka sake ba da labarin: tufafinsu, tsoronsu, da yadda suke kallon mulki.

Mene ne bambancin wannan da abin da ke gida? Baƙo daga Bagadaza ya kashe maciji a Daura ya auri sarauniya. Gobirawa sun ce daga Gabas suka fito, suka zauna Azbin kafin su gangaro kudu. Buƙata ɗaya ce da ta sarakunan Faransa, kuma a kwarin Gulbin Maraɗi ta fi tsanani. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, Alkalawa a 1808. Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819, Mayaƙi ya kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Gidan sarautar da aka raba da birninsa ba shi da dukiyar da ta fi jerin sunayen kakanni. Wanda ya kira wannan jeri ƙarya, ya yar da shaida mafi ƙarfi a kan yadda Katsinawa da Gobirawa suka riƙe kansu bayan rushewa.

Akwai kuma wasu a ɗaya gefen, masu rantsuwa cewa kowace kalma ta almara haka ta faru, har su husata in an yi tambaya. Su ma ba su taimaki labarin ba, don abin da aka hana a bincika ba ya shiga makaranta. Almara shaida ce. Ana sauraron shaida, ana kuma yi mata tambayoyi.

Abin takaici shi ne waɗanda suka fi rubuta labarin nan ba ƴan gida ba ne. Muhammadu Bello, wanda ya yaƙi Gobir, shi ya ambaci a Infaƙul Maisuri, a 1812, zancen cewa asalin Gobirawa Ƙibɗawan Masar ne. Landeroin, tafintan tawagar Tilho ta 1906 zuwa 1909, ya rubuta abin da ya ji a fadodi da Faransanci. Boubou Hama ya buga tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, shi ma da Faransanci. A gode musu, amma idon abokin gaba da kunnen baƙo ba su isa su maye bakin mai abu ba.

Wani zai ce addini bai yarda da zanen mutane ba, saboda haka babu abin kwatantawa. Wannan mantuwa ce. Ƙasar Hausa tana da nata adon littafi, wato zayyana: da'irar da ke nuna hizifi, alamar sumuni da rubu'i da sujada, jan tawada da rawaya, allon sauka, tadarishi da gafaka na dukawa. Duk babu siffar mai rai a ciki. Hannun da ya iya ƙawata Alƙur'ani bai gaza ƙawata jerin sarakuna ba. A zaurukan malamai na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa akwai kundaye na Larabci da ajami da magada ke ajiye cikin adaka, gara da raɓa suna aikinsu. Ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon birni har aka hau tudu, ta isa gargaɗi a kan ƙarkon takarda a gidan ƙasa.

Aikin ba ya jiran miliyoyi. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai ya san yadda ake lissafa kundi a ɗauki hotonsa ba tare da an raba shi da masu shi ba, cibiyar CELHTO kuma an kafa ta ne domin tarihin baka. Ƙungiyoyin al'adu su nemi izinin fada da na magada, su naɗi muryar maroƙa da ta Inna da Iya da tsofaffin da ke kewaye da su. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta ba ɗalibanta wannan fage. Malamin lakwal kuwa ya ajiye labarin Taroya kusa da na Daura a darasi ɗaya, ya tambayi yara wa ya ba da labarin, ga wa, kuma don me. A ƙarshe a ba masu zayyana takarda mai kyau da lada mai kyau, su rubuta jerin sarakunan Gobir da na Katsinar Maraɗi da Hausa, ajami da boko, a ajiye kwafi a fada, kwafi a makaranta.