Sunan Nana a Bango, Bakin Jaji a Rufe

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan masu iliminmu, na boko da na zaure: wai tarihi aikin littafi ne, abin da ke fitowa daga bakin mata kuwa hirar tsakar gida ce. Shi ya sa duk ranar da aka tashi karrama mata, abin ba ya wuce a rubuta sunan Nana Asma'u a allon wata makaranta, ko a gayyato farfesa ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ya karanta takarda da Turanci, a tafa, a raba lemo, a watse. Matan da aka yi taron dominsu suna can bayan rumfa, da yawansu ba su ji ko kalma ɗaya ba. Wannan fahimta kuskure ce, kuma a Jega da Aliero da Maiyama ta fi ciwo, domin nan ƙasar Gwandu ce, inda ya kamata a fi kowa sanin yadda ita Nanar ta yi aikinta.

To, yaya ta yi shi? An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa. Amma ta san matan ƙauye ba za su karanta takardunta ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, alamar da aka san Innar Gobir da ita tun kafin jihadi. Jaji takan taso daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su tako da ƙafa har gidan mijinta Waziri Giɗaɗo, ɗauke da zuma da hatsi da man shanu. Su zauna su haddace waƙa baiti-baiti, su koma gida su rera wa matan aure da ba su iya fita. Su ne 'Yan Taru. A cikin abin da suke ɗauka akwai tauhidi da tsarki, akwai kuma tarihi tsantsa: Waƙar Gewaye ta bi sawun mahaifinta Shehu Usmanu da jama'arsa, Tawassuli Ga Mata Masu Albarka kuwa ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa matan da Nana ta rayu da su. Da jajinta Hauwa'u ta rasu, marsiya ta yi mata, ta sa sunan malamar ƙauye a inda ake sa sunan sarakuna. Macen da ta fi kowa rubutu a zamaninta ita ce ta miƙa tarihi ga murya. Mu da muke tutiya da sunanta mun yi akasin haka: mun kai shi ɗakin karatu mun rufe. Babban kundin ayyukanta da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 aiki ne na a yaba, amma mata nawa ne a Sambawa ko Andarai suka taɓa ganin bangonsa?

Dubi tarihin Jega kanta. Kowane ɗan makaranta zai gaya maka Gobirawa sun far wa Gimbana a ƙarshen 1803, aka kora kamammu aka bi da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Zai gaya maka Kware, garin da Malam Abdussalami na Gimbana ya koma, ta faɗi a 1818, Buhari ɗan Abdussalami ya taho da Gimbanawa ya kafa Jega wajajen 1820. Duk gaskiya ne. Amma a cikin waɗanda aka ɗaure da igiya akwai mata da goyo. Wani ya ɗauko tukunya da irin shuka a ka, wani ya hura wutar farko a sabon gari, wani ya karɓi haihuwar farko. A jerin sunayen da ake karantowa ranar naɗin sarauta ba za ka ji ɗayansu ba. Inda irin wannan labari yake fakewa shi ne kirarin gida, da waƙar raino, da abin da kaka ke faɗa wa jikarta ranar da za a kai ta ɗakin miji: "Ke ɗiyar wance ce, jikar wance, kada ki ba mu kunya." Wannan ma salsala ce, ta wajen uwa, kuma babu mai rubuta ta.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wuraren da ake ajiye wannan ilimi suna rushewa a gabanmu. Wanda ya taɓa ganin daɓe ya san abin da nake nufi. Mata goma ko fiye a durƙushe cikin sabon ɗaki, kowacce da maɗaɓinta, ana yayyafa ruwan makuba, hannuwa na sauka tare, wata tsohuwa na bayar da waƙa saura na amshi. A cikin waƙar nan za ka ji shekarar yunwa, da sunan ungozomar unguwa, da wadda ta yi yaji ta ƙi komawa har sai da aka biya mata haƙƙinta. Siminti ya zo, daɓe ya tafi. Injin niƙa ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙar niƙa ta bi shi. Ba na kukan wahalar da ta ragu, Allah ya ƙara wa iyayenmu sauƙi. Kukana shi ne ba mu yi wa waƙar sabon mazauni ba, domin tun farko ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Na san amsar da za a ba ni: muryar mace al'aura ce, kuma waƙa ta zabiyoyi ce. Hukunci na malamai ne, ba na ja da su. Sai dai abin da nake kira a yi, a tsakanin mata za a yi shi, kamar yadda 'Yan Taru suka yi a zamanin Nana, ba wanda ya ce sun saɓa. Hadisai sama da 2,000 da aka ruwaito daga Nana A'isha, da baki ta faɗe su. Shehu da kansa, a Nurul Albab, ya yi kaca-kaca da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Zabiyar ma da ake rainawa, a saurari amadar marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013: sana'ar mata da zaman kishi da neman na kai a Arewa suna nan a cikin kiɗan ƙwaryarta fiye da yadda suke a takardun taro da yawa.

A Amurka, tun 1987 aka keɓe watan Maris ga tarihin mata, kuma mata kan yi shigar Harriet Tubman, wadda ta kuɓutar da bayi, su shiga aji su ba da labarinta kamar ita ce ke magana. Ba sai mun yi aro ba, namu ya girmi nasu. Fim ɗin Sarauniya Amina na 2021 ma da Turanci aka yi shi, bai zo don matan Mungadi ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Kowace Islamiyyar matan aure a ƙananan hukumomin nan uku tana yin walimar sauka. A ware rabin sa'a, wata ɗaliba mai murya ta sa malfa ta tsaya a matsayin jaji, ta rera waƙar Nana da Hausa, ta faɗi wace ce Hauwa'u, wace ce Maryam ƙanwar Nana da ta riƙe aikin bayanta. Bayan ta, a ba tsohuwar unguwa wuri, a kan kujera, da lasifika, a kira ta malama, a kuma sallame ta da abin kirki kamar yadda ake sallamar baƙon malami. Ta faɗi yadda matan Aliero suka shiga harkar albasa, wa ya fara adashi a unguwarsu, su wane ne matan da suka yi suna da gumin shinkafa da man gyaɗa a kasuwar Jega. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda ke aiki tun 1985, tana da matan da za su iya tsara wannan cikin wata guda. Jami'ar da ke Aliero tun 2006 tana da ɗalibai mata 'yan ƙasar nan, kowacce da waya a hannu da kaka a gida. A sa naɗar muryar kakar cikin aikin da ake ba maki. Gidajen rediyon Birnin Kebbi su ba da fili mako-mako, da Hausar da ake yi a nan, ba tare da an gyara wa tsohuwa "munka" ta koma "muka" ba. Shugabannin ƙananan hukumomin uku kuwa, kuɗin rumfa da kujerun taro ɗaya na 8 ga Maris ya isa ya biya masu ba da labari goma har shekara ta zagayo.