Kurmi Ba Daji Ba Ne

Malamai sun saba rarrabe ma'anar kalma ta lugga da ta isɗilahi. To, kalmar kurmi ma haka take. A bakin fatake, Kurmi ita ce ƙasar kudu inda ake saro goro. Amma a wurin masanan itatuwa, kurmi shi ne duhuwar manyan itatuwa da ke bin gefen rafi a tsakiyar daji. Har Turawa masu wannan ilmi suka ari kalmar yadda take suka sa cikin littattafansu.

Ga bambancin. Dajin doka, irin na ƙasar Kaduna, itatuwansa a warwatse suke, ciyawa a ƙarƙashinsu, gobara ta bi ta wuce da rani, kututture kuma ya sāke toho. Kurmi kuwa rassansa sun haɗu a sama, inuwa ta hana ciyawa fitowa, saboda haka wuta ba ta samun abin ci. Nan malmo da tukurwa da maɗaci ke tsayawa, saiwoyinsu na riƙe gaɓar rafi. In an sare su, rana ta shiga, ciyawa ta fito, wuta ta biyo ta, ruwan damina ya zaizaye gaɓa. Daji yakan komo, kurmi kuwa da wuya.

Wannan magana ta shafi Kamazou, a ƙasar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Tun da aka buɗe matatar mai a 1980 gari ke ta miƙewa ta wannan fuska, gonaki suna zama fulotai. Wanda ya ɗauki kowace duhuwa a kan daji ce, ba zai ji nauyin share ta ba. Alhali kuwa ƙasar da ta zube daga gaɓa cikin kogi take kwantawa, ta cike masa hanya. Mutanen Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Kurmin Mashi ma, a arewacin kogin, suna ne ya rage, gidaje sun maye gurbin itatuwa.

Saboda haka ya kamata dillalin fili ya bar gefen rafi kada ya yanka shi, mai sayen gawayi da icen girki ya tambayi inda aka saro su, malami kuma ya koya wa almajiransa bambancin nan. Abin da aka san sunansa na gaskiya, shi ake iya tsarewa.

Allah ya sa a gane. Wassalam.