Murfi A Rufe, Kwamfuta Na Aiki: Amsa Ga Wani Malami Na Ajingi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako, domin in amsa wata takarda da ta zo mini daga wani malamin makaranta na ƙasar Ajingi. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa, na kuwa yarda.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Yana da kwamfutar cinya wadda ya sayo ta hannu a Kano. Da ita ya ke buga tambayoyin jarrabawa, a cikinta kuma ya ke tara makin yara aji uku. Kwanan baya ƙaramin ɗansa ya hau kan jakar da ta ke ciki, gilashinta ya tsage, rabin fuskarta ya yi baƙi ƙirin. Ya kai wa mai gyara, aka yanka masa kuɗin da aljihunsa ba zai ɗauka ba kafin ƙarshen zango. Sai wani abokinsa ya ara masa allo irin na kwamfutar tebur, ya haɗa da waya, rubutu ya fito rangaɗau. Amma da zarar ya rufe murfin don ya kau da tsagaggen gilashin daga idonsa, sai babban allon ma ya mutu. Tambayarsa biyu ce: me ya sa haka, kuma in an sami dabarar hana ta, ba za ta cuci kwamfutar ba?

Malam, ka kyauta da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Na kuma san akwai akawuna da malamai da yawa daga Gaya har Albasu masu irin wannan damuwa, saboda haka na ga ya fi kyau in amsa a fili.

Da fari, kwamfutarka lafiyarta lau. Masu ƙera ta sun ɓoye ɗan maganaɗisu a gefen murfi, a jikinta kuma sun sa wata 'yar na'ura mai jin kusantar maganaɗisu. Asalin wannan hikima wani Ba'amurke ne, Edwin Hall, ya gano ta a 1879. Sa'ad da murfi ya sauko, na'urar ta ji, sai ta gaya wa kwamfuta an rufe. Ita kuwa tun daga ma'aikata an hore ta, in an rufe ta yi barci, don kada batir ya ƙare a banza. Watau umurni ta ke bi, mai ita kuma yana da ikon sāke umurnin.

Ga yadda a ke yi. Sai ka tanadi abu uku: waya, da madannai na dabam, da linzami, tun da ya ke na jikinta za su shige ƙarƙashin murfi. Wayar iri biyu ce ta fi yawa a kasuwanninmu. Akwai mai shuɗin kai da 'yan allurai 15, a na ce mata VGA, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Hoto kaɗai ta ke ɗauka, ba ta ɗaukar murya. Akwai kuma HDMI mai faffaɗan baki, wadda ta ke ɗaukar hoto da murya gaba ɗaya. Da ita ko talabijin ɗin gida ya isa ya zama allo. Ka dubi ƙofar da ke jikin kwamfutarka da ta jikin allon kafin ka ba da kuɗinka.

In ka haɗa, sai ka danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito, ka ɗauki na ƙarshe, wanda ya ke nufin allo na biyu kaɗai. Da haka tsagaggen gilashin zai mutu, babban allo ya ɗauki aiki duka. Sa'an nan ka shiga Control Panel, ka nemi Power Options. A gefen hagu za ka ga inda a ke zaɓen abin da rufe murfi zai yi. Nan akwai gida biyu, ɗaya na lokacin da ta ke kan batir, ɗaya na lokacin da ta ke jone da wuta. A gidan wuta ka zaɓi Do nothing, watau kada ta yi kome. Gidan batir kuwa ka bar shi a kan barci yadda ka same shi. Ka riƙe wannan, zan komo kansa. Masu kwamfutar Apple ba su da wannan wahala: in an jona caja da madannai da linzami da allo, a rufe kawai, aiki ya ci gaba.

Wannan ita ce amsar tambaya ta fari. Ta biyun ta fi nauyi, domin a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da a ke ƙera waɗannan kaya.

Mu mutanen Gaya ba baƙi ba ne ga sha'anin wuta. Tarihin da mu ka gāda ya ce daga nan Abagayawa maƙera su ka tashi su ka tafi dutsen Dala neman tama, har a ka ce sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi birnin ya ci. Kowane maƙeri ya san garwashin da toka ta lulluɓe bai mutu ba. Haka kwamfutar da a ka rufe tana aiki. Daga waje shiru, a ciki kuwa zafi na taruwa, 'yar fankarta na ta fama ta fitar da shi. Waɗansu ta ƙasa su ke shaƙar iska, waɗansu ta tsakanin madannai, waɗansu kuma ta wajen maɗaurin murfi su ke fitar da ita. In taka tana cikin masu shaƙa ta madannai, rufewa ya zama kamar ka ɗaure wa mai gudu rawani a hanci.

Ku duba wannan lissafi, jama'a. Kamfanin Apple ya rubuta a kan kwamfutocinsa a yi aiki da su a ɗakin da zafinsa ya ke tsakanin digiri 10 da 35, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafin rana ya kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, balle a ofis mai rufin kwano wanda ba shi da silin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in zafinta ya doshi digiri 100, watau zafin tafasar ruwa, sai ta rage gudu da kanta don ta tsira, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Saboda haka in ka ji fanka na kuka ba hutawa, aiki kuma ya yi nauyi, kada ka zargi mai gyara. Zafi ne.

Maganinsa ba shi da tsada. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma ko tarin fayil. Ka ɗaga bayanta da 'yan katakai biyu, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Kada ka jibga littattafai a kan murfin don ka ga wuri ya samu. Daga Maris zuwa faɗuwar damina, ni ban ba da shawarar a rufe ta ruf ba: a ɗaga murfin kamar faɗin yatsa huɗu, tun da ka riga ka kashe gilashinta da maɓallin P ba zai dame ka ba. Kada kuma ka tokare murfin da alƙalami ko wani abu mai tauri, wani ya zo ya danna, gilashi ya ƙara tsagewa. Da sanyi kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka rufe abinka, har ma rufewar ta tsare madannai daga ƙurar hunturu. Sai dai ƙurar nan tana toshe hanyar fanka, ya kamata a kai a busa ta ko sau ɗaya a shekara.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Kwamfutar cinya tana da batir, allon tebur ba shi da shi. Ran da a ka ɗauke wuta, allo zai yi duhu nan take, kwamfuta kuwa tana nan da ranta. Mai lafiyayyen gilashi sai ya ɗaga murfi ya ci gaba. Kai kuwa, Malam, da rabin gilashi za ka rage, makin yara aji uku na rataye. Saboda haka tun kafin ka buga layin fari ka ba takardar suna ka adana ta, sa'an nan ka saba wa yatsunka danna Ctrl da S bayan kowane 'yan layuka. In wuta ta tafi, kada ka firgita. Madannan da ka jona daga kwamfuta su ke shan wuta, ko cikin duhu ka danna Ctrl da S za ta ji. Kowace yamma kuma ka kwafe aikin yini a filashi, ka ajiye shi dabam da jakar kwamfuta. In wuta ta tafi ka zare filogi, don ta kan dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Wanda ke da sola kuma ya yi lissafi: cajar kwamfuta yawanci wat 45 ko 65 a ke rubutawa a jikinta, siririn allo na zamani ya kan ci kamar 20 zuwa 30, amma tsohon nan mai ƙeya ya kan ci ninkin haka har da ƙari. Kada araha ta ruɗe ka ka sayo mai ƙeya.

Abu na uku ni kaina ya ci, shi ya sa na ce ka riƙe maganar gida biyu. Sa'ad da na fara wannan tsari, garin gaggawa na sa gidajen nan duka biyu a kan kada ta yi kome. Wata ranar Alhamis a ka aike ni da takardu Wudil. Na zare wayoyi, na sunkuci kwamfuta a rufe yadda ta ke, na cusa a jaka, na hau mota. Ashe tana kunne. Da na isa na zuge jaka, sai na ji ta kamar an sauke ta daga kan murhu, batir ya ƙare sarai, takardar da a ka aike ni in nuna ban iya buɗe ta ba sai da na yi roƙon caja. Bayan 'yan watanni na ga murfi ya daina haɗuwa daidai, mai gyara ya buɗe ya ce batir ya kumbura. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne. Tun daga ran nan ba na sa ta a jaka sai na kashe ta ɗungum, na ga 'yar fitilarta ta mutu, na kasa kunne na ji fanka ta yi shiru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Game da batir akwai ƙari. Irin wanda a ke sa wa waɗannan kwamfutoci abu biyu ke saurin tsofar da shi: zafi, da zama cike maƙil kullum. Kwamfutar da ta zama ta tebur kuwa duka biyun ta ke haɗawa. Kamfanoni irin su Lenovo da Dell da ASUS sun sa wa da yawa daga cikin nasu wurin da za a ce caji ya tsaya a kashi 80 cikin 100, ko ma 60. In taka tana da shi, ka kunna. In ka ga murfi ya ƙi haɗuwa, ko wurin shafa yatsa ya tasa, ka zare caja, kada ka danna, kada ka huda, ka kai a cire batir ɗin, domin kumburarren batir yana iya kama wuta.

Kada wani ya ce Akawu ya cika tsoratarwa. Ni kaina haka na ke aiki, kuma ba na komawa. Wanda ya yini sunkuye a kan ƙaramin gilashi ya san yadda wuya da kafaɗa su ke yi masa da magariba. Babban allo, in an ajiye shi nesa da fuska kamar tsawon hannu, bakinsa na sama daidai da ido, yana miƙar da baya, lissafi mai layuka da yawa kuma ya fito sarai ba sai an matse ido ba. Sai dai 'yan'uwana akawuna su tuna, abin da ya fito sarai gare ka ya fito sarai ga wanda ke tsaye bayanka. Takardar albashi da makin yara amana ce. Ka juya allon ya ba ƙofa da taga baya, in za ka tashi salla ka danna Windows da L ta kulle.

To, Malam, ga shawarata. Kada ka ci bashi don sabon gilashi a tsakiyar zango. Allon aro da waya da madannai sun isa su kai ka ƙarshen jarrabawa, in dai ka ba ta iska, ka riƙa adana aikinka, ka kuma kashe ta kafin ta shiga jaka. Amma ka sani yanzu ta zama mazauniyar tebur, ba ka iya buɗe ta a aji ko wurin taro. In albashi ya zo hali ya yi, ka gyara gilashin, ka kuma sayi allon kanka, ka mayar wa abokinka nasa da godiya. Jakar kuma a rataye ta inda ƙafar yaro ba ta kaiwa.

Wanda ya gwada ya ga wani abu dabam da abin da na faɗa, ya rubuto ta hannun Edita, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Gaya.