A Bar Yaron Ya Fito Ya Huta



Ranar Asabar na tsaya a gefen filin ƙwallon kwando da ke bayan majami'a ina kallon yaranmu. Akwai wani ɗan shekara 15 da idona ya tsaya a kansa. A farkon wasa tsalle yake kamar barewa, ya sauko a hankali, gwiwoyi a lanƙwashe. Da aka shiga kashi na huɗu sai na ga yana dira da ƙafa a sandare, gwiwar hagu tana karkata ciki. Ya ɗaga hannu a canja shi, 'yan kallo suka sa masa ihu: "Kai, rago! Saura minti uku!" Ya ci gaba. Allah ya kiyaye, lafiya ya fita, amma na koma gida hankalina bai kwanta ba.

Ga abin da ke faruwa a ƙafar irin wannan yaro. Tsokar gaban cinya ita ce birkinsa, ita ke karɓar nauyi duk lokacin da ya sauko daga tsalle, kuma nauyin nan ya ninka na jikinsa sau da dama, balle a kan siminti. Tsokar bayan cinya kuwa ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba. Idan wasa ya yi nisa, sukarin da tsoka ta ajiye yakan ragu, saƙon ƙwaƙwalwa kuma ya riƙa isa ƙafa a makare. Tsalle ya ragu, wannan kowa yana gani. Abin da ba a lura da shi shi ne birkin ma ya yi sanyi. Nauyin da tsoka ta kasa ɗauka sai ya faɗa kan wata jijiya a tsakiyar gwiwa, wadda ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Yawanci babu wanda ya taɓa ɗan wasa sa'ad da take tsinkewa: ya dira ne ko ya juya da sauri, shi ke nan. Mai ɗori ba shi da abin yi a nan. Wanda ke son komawa fili galibi sai an yi masa tiyata, sannan ya yi wata 9 zuwa shekara yana jinya. Iyaye nawa ne a cikinmu za su iya biyan wannan?

Matashi ya fi babba shiga haɗari, domin ƙashinsa yana tsawo da sauri, tsoka tana biye a baya. Shi ya sa wasunku ke kuka da kumburi a ƙasan ƙoƙon gwiwa. 'Yan mata kuma sun fi samari yawan samun tsinkewar jijiyar nan, saboda haka maganar ta shafe ku sosai, 'ya'yana.

Masu bin wasannin Amurka sun san Derrick Rose. A 2011 aka zaɓe shi gwarzon NBA yana ɗan shekara 22. A watan Afrilu na 2012, saura ƙasa da minti biyu a tashi, ƙungiyarsa Chicago Bulls tana gaba da maki 12, yana cikin fili har lokacin. Ya yi tsalle, jijiyar gwiwar hagu ta tsinke. Kakar wasa ta gaba gaba ɗaya a benci ya yi ta. Wannan fa mutum ne da likitoci ke kewaye da shi.

Mu shugabanni ma da laifinmu, har da ni. Mukan sa kwanan addu'a daren Juma'a, gari ya waye mu ce a tafi gasa. Mukan cusa wasa uku a rana ɗaya don kuɗin mota. Alhali ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma ciwon tsoka bayan wasa mai zafi yakan fi tsanani ne washegari ko jibi, lokacin da muke cewa ai ya huta. Shi kansa James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891 (ɗan makarantar tauhidi ne, in kun manta), ya sa hutun minti biyar tsakanin rabi biyu cikin dokokinsa na farko.

Na san abin da koci zai ce: 'yan benci ba su kai ba, in aka fitar da gwani za a ci mu. To, a ci mu. Ga abin da zan kai gaban kwamitin Zumuntar Matasa ranar Lahadi: ba wasa washegarin kwanan addu'a, ba fiye da wasa ɗaya ga ƙungiya a rana, kuma duk yaron da ya ɗaga hannu, ko aka ga gwiwarsa ta fara karkata ciki, a fitar da shi nan take, ko da saura minti ɗaya ne.